Wane Zakara Za A Bari, Wane Za A Yanka?

Da wuya mutum ya shiga gidan malamin ofis ko na malamin makaranta a ƙasar nan ya rasa akurki a gindin katanga. Kaji dai su ne dukiyar da mai ƙaramin albashi ke iya tarawa ba tare da ya ci bashi ba, su ne kuma ke fid da maigida kunya ran da baƙo ya sauka alhali wata ya yi nisa. Galibi kuwa ba kaji kaɗai ba ne a gidan. Za ka tarar da zabi, da agwagi biyu ko uku, wani gidan har da talotalo. Kajin ma kansu gauraye suke: ga na Hausa, ga na Fulani masu tsawo da jiki, ga na gidan gona da aka sayo tun suna 'yan tsaki. To, duk mai irin wannan taro, akwai ranar da shawara za ta same shi. 'Yan tsakin da aka ƙyanƙyashe sun tasa, wajen rabinsu maza ne, sun soma gwada cara da faɗa, gida kuwa ba zai ɗauke su duka ba. Wane za a bari?

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, a yawancin gidaje ba maigida ke yin zaɓen nan ba, wuƙa ce da kasuwa. In suruki ya zo, sai a ce yara su kamo babban nan, gama ba a yanka wa baƙon kunya ƙanƙanen zakara. In salla ta matso, ko kuɗin makaranta ya taso, wanda ya fi nauyi shi za a kai kasuwa, don shi zai yi tsada. Haka za a yi ta tsince nagari ɗaya bayan ɗaya, har a wayi gari wanda ya saura a tsakar gida shi ne wanda ba mai so: tsamurarre, mai jinkirin girma, wanda ya tsira don ba shi da naman da za a yi kwaɗayi. Shi ne kuwa zai zama uban 'yan tsakin baɗi. Bayan shekara 3 ko 4 sai ka ji maigida yana cewa kajin zamani ba su da albarka, alhali da hannunsa ya yi ta mai da su baya.

Bari mu yi lissafi, tun da masu karatunmu mutanen lissafi ne. Kowane ɗan tsako, rabin abin da ya gada daga uwarsa ya fito, rabi daga ubansa. A ce mutum yana da kaji mata 10 da zakara 1. Kowace kaza, komai kyanta, komai muninta, 'ya'yanta kaɗai za ta shafa, watau misalin ɗaya bisa goma na 'yan tsakin gidan. Amma zakaran, babu tsako ko ɗaya da zai fito ba da rabonsa a jiki ba. Ashe ke nan nauyinsa shi kaɗai a sikelin gado daidai yake da na matan nan 10 in an haɗa su. Wanda ya yi kuskuren kaza ya yi ƙaramar hasara, wanda ya yi kuskuren zakara kuwa duk akurkin ya taɓa.

Mai neman ƙwan ci kawai ba ya ma bukatar zakara, gama kaza tana yin ƙwanta ko da namiji ko babu, sai dai ba zai ƙyanƙyasu ba. Mai son 'yan tsaki kuwa, lafiyayyen zakara 1 ya ishi kaji 8 zuwa 10. In aka tara maza suka yi yawa, ba ƙarin 'yan tsaki za a samu ba, sai ragi: wannan ya hau, wancan ya ture shi, bayan matan duk ya tuje, su tsorata su rage ci.

To, ta ina za a fara duba? Mu dai a ganinmu, ba daga zakaran za a fara ba, daga uwarsa ne. Mutanen da, in za su nema wa ɗansu aure, halin uwar yarinya suke fara bincike, ba su kuwa yi wauta ba. Zakara ba ya ƙwai, ba ya kwanci, ba ya reno, amma gadon waɗannan abubuwa duk yana ɗauke da shi a ɓoye, zai kuma zuba shi ga 'ya'yansa mata. Babu mai ba da shaidar abin da ya ɓoye sai uwarsa da 'yan'uwansa mata. Kazar Hausa da ke kiwon sake takan yi ƙwai 10 zuwa 15 kafin ta kwanta, sau 3 ko 4 a shekara, watau jimla 30 zuwa 60. Amma a cikin wannan lissafi akwai bambanci mai yawa tsakanin kaza da kaza. Wata za ta zauna daram a kan ƙwanta kwana 21, ta fito da kusan duka, ta tsare su daga shirwa har su yi gashi. Wata kuwa ta tashi a tsakiyar kwanci ta bar baragurbi, ko ta ja 'ya'yanta cikin raɓa su ƙare ɗaya-ɗaya. Ɗan ta farko shi ne abin nema, ko da ɗan ta biyu ya fi shi kyan wutsiya.

Wa ya san ɗan wace ne wane? Ba maigida ba, shi da ke fita tun da safe. Uwargida ce da yara, su da ke watsa hatsi suna zuba ruwa a kasko, sau da yawa ma kajin nata ne. Wanda ya yanke wannan shawara bai tambaye ta ba, ya yi shari'a ba shaidu. Sa'an nan kuma abin mamaki ne a ce mutumin da ke wuni yana cika rajista, ko yana kiran sunayen yara a aji, ya kasa ajiye ɗan littafi guda na kajinsa. Layi huɗu sun isa: ranar da kaza ta kwanta, ƙwai nawa aka sa mata, nawa suka fito, nawa suka kai wata biyu. A ɗaura wa 'yan tsakin kowace uwa zare mai launi dabam a ƙafa, a riƙa sassauta shi suna girma.

Akwai wani abu da masana suka gano wanda ke ƙara wa wannan magana ƙarfi. Gado yana tafiya ne a kan waɗansu ƙananan zarurruka da ke cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki. Kaza tana da 78, biyu-biyu suke. Biyu daga ciki su ke raba namiji da mace, masana suka sa musu harufan Z da W. Zakara yana da Z biyu, kaza kuwa Z ɗaya da W ɗaya. Z babban zare ne mai ɗauke da gado da yawa, W kuwa ɗan ƙarami ne. To, kowace sagara Z ɗinta ɗaya tak daga ubanta ta samo shi, ba daga uwarta ba. Shi uban kuwa, ɗaya daga cikin nasa biyu na mahaifiyarsa ne. Watau akwai wani kaso na gadon kaza tagari wanda ba ya isa ga jikokinta mata sai ta hanyar ɗanta. Ga kuma wani abin dariya a ciki: tun da kaza ce mai harufa iri biyu, ƙwanta ne ke yanke ko tsako namiji zai zama ko mace. Saboda haka wanda ya yanka zakaransa don wai maza yake haifa, ya zalunce shi.

In an san uwa, sai a koma kan 'ya'yan. Lokacin da ya dace shi ne sun kai wata 5 ko 6, a kuma gwada tsara da tsara, kada a gwada ɗan kaka da ɗan bazara. Ido kaɗai ba ya isa, gama gashi yana ruɗi. A bari sai dare sun shiga akurki, a ɗauki tocila, a kama su ɗaya-ɗaya ba tare da guje-guje ba. Hannu zai faɗi abin da ido ya ɓoye. A shafa ƙashin ƙirji: a same shi miƙaƙƙe, da tsoka dama da hagu, ba kaifi kamar wuƙa ba. Baya ya kasance mai faɗi, ƙafafu a miƙe, yatsu ba karkace. Ido garau, hanci a bushe, zanko ja wur. A kara shi a kunne a saurari numfashinsa, in ana jin kurari a ajiye shi gefe. A ɗaga fiffike, a buɗe gashin gindin wutsiya, a duba ƙwarƙwata. Ƙwarƙwata dai ana maganinta, amma baki mai saɓani da karkataccen baya da gurguwar ƙafa ta haihuwa, waɗannan tukunya ce maganinsu. Wanda ya fi 'yan'uwansa nauyi alhali abinci ɗaya suka ci, bai kuma taɓa kwanciya ciwo ba, shi ne ya nuna ya iya zama da gidan nan da abin da ke cikinsa.

Saura hali, shi kuwa sai an zauna. A sami wata ranar hutu da la'asar, a watsa ɗan gero, a koma gefe a yi shiru. Zakaran kirki in ya sami abinci ba ya hanzarin haɗiyewa. Zai ɗauki ƙwaya ya saki, ya sake ɗauka ya saki, yana wani ɗan kira gajere a jere, har matan su zo su ci. Kansa kuma ba ya daɗewa a ƙasa, kullum yana ɗagawa yana duban sama. Masana sun tabbatar da abin da matan ƙauye suka daɗe da sani, cewa kukan da yake yi in ya ga shirwa ko shaho dabam yake da wanda yake yi in ya ga muzuru ko kare, kajin kuma sun san bambancin: na farko su ruga ƙarƙashin rumbu, na biyu su miƙe wuya suna dube-dube. A gida mai zabi wannan ba ƙaramin amfani ba ne, gama zabi komai suka gani ihu suke yi, har a daina kula su.

Amma fa a rarrabe jarumi da mugu. Zakaran da ke bin yara yana tsalle da ƙaimi, ko yana saran 'yan tsaki, ko yana ji wa mata rauni, ba tsaron gida yake ba. Fuskar yaro mai rarrafe daidai tsawon tsallensa take, idon yaro kuwa ya fi kaji dubu. Irin wannan hali yana bin jini gwargwado, don haka kada a yi masa uzuri saboda kyansa. Sabo da kaza ba ya hana yankanta.

Wani abin lura kuma, kada a raina saurayin zakara don an ga ya yi shiru. Tun farkon shekarun 1920 wani masani ɗan ƙasar Norwe ya bayyana cewa kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu, kowa ya san wanda zai sara da wanda zai kauce wa. A 2013 masana a Jami'ar Nagoya ta Japan suka nuna cewa carar asuba daga wani agogo take da ke cikin jikin zakara, ko bai ga hasken alfijir ba zai yi ta. A 2015 kuma suka nuna cewa babban cikinsu shi ke fara cara, sauran sai su jira, su bi bisa ga matsayinsu. In aka ɗauke babban, sai mai bi masa ya karɓa. Ashe ba muzuru da shaho kaɗai ke hana zakara cara ba, har da na gaba da shi. Saboda haka in ana son ganin halin samari sosai, sai a kulle tsohon a wani wuri na 'yan kwanaki, a ga wanda zai tashi ya riƙe gidan.

Launi fa? Nan ne yawancinmu muke faɗawa. Farin zakara da ja suna da masu nemansu a kasuwa, don dalilan da ba na wannan shafi ba ne, amma launi ba ya ƙara ƙwai, ba ya ƙara nama. Abin da ya fi launi amfani shi ne wanda ake yi wa dariya, watau zakaran nan mai wuya ba gashi. Kaza ba ta gumi, zafin jikinta kuwa wajen digiri 41 ne. Ta zanko, da haki, da wuraren da ba gashi take rage zafi. Mai tsiraicin wuya gashinsa ya gaza na sauran da misalin kashi 20 zuwa 40 cikin 100, don haka ya fi su jure bazara irin ta Sakkwato da Maiduguri. Gadon nan mai rinjaye ne: ko daga gefe ɗaya zakara ya same shi, wajen rabin 'ya'yansa za su fito da shi. Sai dai mai niyyar sayarwa ya fara tambayar yadda kasuwar garinsu ke karɓarsa.

Yanzu sai babbar gardama. A cikin samarin nan akwai na gidan gona, ya kere sa'o'insa, kowa ya gan shi sai ya ce ai ga zakara. A bar shi ko kuwa? Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun zamanin Turawa, har bayan samun mulkin kai a 1960, ma'aikatun gona a ƙasashen Afirka da dama, har da tamu, sun yi ta raba zakarun waje a ƙauyuka, musamman jan nan na Amurka da ake kira Rhode Island Red, don a kyautata irin kajin gida. A wurare da yawa abin bai ɗore ba. Baƙon bai iya tono ba, bai san shirwa ba, zakarun gari suka hana shi sakat, annoba ta zo ta fara da shi. Daga baya aka samar da iri a nan gida, kamar Shika Brown ta cibiyar binciken dabbobi da ke Shika kusa da Zariya a 2000, da FUNAAB Alpha ta Abekuta a 2018, ga kuma Noiler da ake sayarwa a kasuwanni. Waɗannan sun fi dacewa da ƙasarmu, amma su ma ba su ba da abin da aka san su da shi sai da abinci isasshe da rigakafi. Kajin nama kuwa da ake kira buroila, waɗanda ke isa yanka a mako 6 zuwa 8, ba a ma maganarsu: nauyi ke hana namijinsu barbara, zafi kuma ya kashe shi.

Ga gida mai tsuntsaye gauraye akwai wata hasara da ba a ganinta sai an yi nisa. Kajin ƙwai na gidan gona, waɗanda ke yin kusan 300 a shekara, sun kai haka ne don an yi shekaru ana cire musu son kwanci. Zakaran irinsu zai rage wa 'ya'yansa mata wannan hali, jikoki kuma abin ya ƙaru in aka ci gaba da irinsa. To, wa ke ƙyanƙyashe ƙwan zabi da damina? Kowa ya san zabuwa ba ta da amana wajen reno. Kazar Hausa ake sa wa ƙwanta, ta haƙura kwana 26 zuwa 28 ta fito da su, ta rene su kamar nata. Ran da aka wayi gari duk matan akurki jinin gidan gona ne, ƙwai zai yi yawa a kwando, amma ba mai kwanciya a kai, sai an koma sayen 'yan tsaki da kuɗi. Ra'ayinmu a nan a fili yake. Wanda kajinsa ke kiwon sake, dusa da ragowar tuwo kaɗai yake ba su, zaɓaɓɓen zakaran Hausa ko na Fulani ya fi masa. Wanda ke iya sayen abinci yana kuma yin rigakafi, ya sa na gidan gona shekara guda ya sami ruwa-biyu, sa'an nan ya koma wa na gida, ya kuma riƙe tsofaffin kajin Hausa biyu ko uku don kwanci. A lura kuma da girma: ƙaton zakara a kan ƙananan kaji rauni ne.

Amma ga inda maganar ta murɗe. Saurayin nan da aka sha wahala aka zaɓa, ɗan gida ne: uwarsa tana cikin akurkin, 'yan'uwansa mata suna ciki. Tsohon zakaran ma, da yake sagara tana isa ƙwai a wajen wata 6, kafin shekara ta zagayo 'ya'yansa yake bi. Barbarar uba da 'ya, ko ta 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, tana sa kashi 25 cikin 100 na gadon tsako ya zama abu guda ne aka maimaita, nan ne kuwa aibin da ke ɓoye yake samun hanyar fitowa. In aka yi ta haka, baragurbi zai yi yawa, 'yan tsaki su fito raunana. Saboda haka mai yiwuwa ne zakaran da ka zaɓa ba a gidanka ya kamata ya zauna ba. Ka nemi abokin aiki a wani gari, wanda shi ma ya yi nasa zaɓen da gaskiya, ku yi musaya, nagari da nagari. Ma'aikata sun fi kowa samun sauƙin wannan, gama canjin wurin aiki ya ba su abokai a ko'ina. Na maƙwabcin bayan katanga ba ya wadatarwa, don kajinku sun daɗe da zama dangi. A riƙa yin haka kowace shekara ko shekara biyu. Ƙarfin zakara ma da ma yana ja da baya in ya wuce shekara 3. In kuwa zakarun unguwa suna shigowa yadda suka so, to zaɓen naka rabi ne, sai an haɗa baki da maƙwabta. Sauran samarin da ba a zaɓa ba, a ware su, a ba su dusa su yi ƙiba. Su ne na baƙo da na salla.

Baƙon zakara kuwa kada a sake shi cikin kaji ran da ya zo, komai amincin wanda ya ba da shi, balle na kasuwa, inda wani ke kawo nasa don ya ga ciwo ya shiga akurkinsa. Annobar nan ta Niyukasil, wadda aka fara ganewa a 1926, aka kuma tabbatar da ita a Nijeriya a 1952, ta fi ɓarna da hunturu: kore-koren zawo, haki, murɗewar wuya, cikin 'yan kwanaki ta share gida. Agwagwa tana iya ɗauke da ita ba ta nuna alama ba. A ware baƙon mako 2 zuwa 3 ana dubansa, a kuma nemi malamin dabbobi a yi wa kaji rigakafi. Cibiyar Vom da ke Jihar Filato tana yin irin da ake ɗigawa a ido, mai suna I-2, wanda ya fi sauran jure zafi. Akan maimaita shi bayan kowane wata 3 ko 4.

Ko bayan an sake shi, a ɗan ƙara haƙuri. Kaza tana ajiye irin namiji a cikin jikinta, yana aiki kwana 10 zuwa 14, wani lokaci har mako 3. Watau ƙwan da za ta yi bayan an fid da tsohon zakara, nasa ne har yanzu. Na makonni ukun farko a soya wa yara, na bayansu shi za a tara a sa wa mai kwanci.